Ranar Da Aka Yi Wa Dutse Farar Ƙasa

Jama'a, shekara arba'in da 'yan kai na yi ina haƙar rijiya kafin gwiwoyina su ba ni takardar sallama. A cikin shekarun nan na jingina da duwatsu iri-iri, na zauna a kan wasu, wasu kuma sun so su zauna a kaina Allah bai ba su iko ba. Amma dutsen da mutum zai jingina da shi ya tashi da rabinsa a gadon baya, ban taɓa gamuwa da shi ba sai jiya.

Da na shigo gida, Uwar Yara ta dube ni ta gaba ta ce sannu da zuwa. Na juya zan tuɓe takalmi, ta dube ni ta baya ta saki salati.

"Malam, cikin buhun fulawa ka faɗa?"

"Dutse ne," na ce.

"Wane irin dutse ne yake zuba a riga?"

"Na gwamnati."

Ta ce, "To ai sai ka faɗa tun farko," ta tafi neman sabulu.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. 'Yata ta ƙarshe, wadda duk unguwa ke kira Auta, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun duwatsu da abin da Allah ya binne a cikin ƙasa. Ba ni na sa ta ba. Tun tana ƙarama, in na dawo daga aiki sai ta zazzage aljihuna, ta jera tsakuwoyi a bakin ƙofa, ja gefe guda, baƙi gefe guda, wanda ya taka mata ɗaya kuma ya shiga uku. Shan inna ya taɓa ta tana shekara uku, ya bar ta da sanduna biyu. Da sandunan nan ta gama firamare, ta gama sakandare, da su take hawa bene hawa uku kullum a jami'a. Kafaɗunta sun fi nawa na zamanin ƙuruciya. In ta riƙe hannunka, sai ka duba ko yatsunka sun dawo cikakku.

To, a karatun nasu akwai abin da suke kira fita daji. Sau ɗaya a shekara ana loda ɗalibai a babbar mota, a kai su gindin wani dutse da ruwa ya yanke masa gefe, inda ake ganin ƙasa hawa-hawa, ja a kan baƙi, baƙi a kan rawaya, kamar an jera katifu a shago. Kowane ɗalibi sai ya auna kaurin kowane hawa da hannunsa, ya ƙwanƙwasa, ya zana a littafi, malamarsu ta sa hannu a wurin kafin rana ta faɗi. Babu sa hannun nan, babu takardar gama karatu, ko da ka haɗiye ɗakin littattafai gaba ɗaya.

Shekarar farko, motar doguwa ce, tsani babu, direba ya ce shi ba a ba shi umarnin ɗaga kowa ba. Suka tafi suka bar ta a bakin get da jakarta a wuya. Shekara ta biyu aka fito da fom mai tambaya: za ka iya tafiyar kilomita goma a ƙafa? Auta ba ta iya ƙarya ba, wannan a wurin uwarta ta gado. Aka sake tafiya babu ita. Dokar jami'a kuma ta ce wanda ya rasa fita daji sau uku ya naɗe tabarmarsa ya ba wasu wuri. Jiya ce ta ukun.

Tun bara ita da ƙawarta Maijego, 'yar ajinsu ce mai goyo, suka rubuta wasiƙa. Ba wani abu suka roƙa ba. Ƙaramar mota da za ta bi hanyar gonaki ta kai mutum har gindin dutse, kujerar ninkewa guda ɗaya, da ɗan labule da mata za su kewaya bayansa, don na ji ashe 'yan matan nan tun ana gobe tafiya suke daina shan ruwa, su yini a rana maƙogwaro a bushe, saboda babu inda za su fake. Duk abin da suka roƙa bai cika bayan akori-kura ba.

Wasiƙa ta yi ta hawa tebur tana sauka har ta isa gaban Mai Girma Babban Jagoran Shigar Da Kowa Cikin Komai, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Shi kuwa ba ya ƙaramin abu. Ya kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya yi jika. Bayan wata takwas aka aiko wa iyaye da kati mai ruwan zinariya, wai za a ƙaddamar da shirin Dutse Na Kowa Ne, Mai Girma da kansa zai zo.

Maƙwabcina Mai Faci shi ya ce zai kai mu a tsohuwar akori-kurarsa, wadda in ta tashi sai an yi mata addu'a, in za ta tsaya kuma sai an yi mata magiya.

"Maƙwabci," ya ce, "gwamnati ce za ta kai 'yarka dutse?"

"Haka kati ya ce."

"To ka tafi da ruwan sha."

Muna karya kwanar ƙarshe sai wani haske ya dake mu a ido. Mai Faci ya taka birki, motar ta yi shawara da kanta ta tsaya.

"Maƙwabci, ƙanƙara ake yi a nan?"

Auta da ke zaune a tsakiyarmu sai na ji ta damƙi gwiwata. Dutsen nan, jama'a, daga gindinsa har inda tsani ya iya kai wa, fari fat, kamar haƙorin mai tallan man goge baki. An shafe shi da farar ƙasa. Kun san dai al'adar manya: in babban mutum zai wuce, duk dutsen da ke bakin hanya sai an yi masa fari, da gindin itace, da duk abin da bai gudu ba. To su kwamiti da aka ce musu dutse ne babban baƙo na biyu, sai suka ga ai shi ya fi cancanta.

Malamarsu, wadda ɗalibai ke kira Dakta, 'yar firit ce mai faffaɗar hula, muka tarar da ita tsaye ta ɗora hannu biyu a ka. A gefenta wani saurayi ne mai kwat, ya rungume fayil a ƙirji kamar za a ƙwace masa. Shi ne mai tsara taro, ni dai Mai Fayil na sa masa.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji Dakta.

"Kwamiti, ranki ya daɗe," ya ce yana murmushi. "Kwana huɗu, lebura talatin. Da kin ga yadda muka same shi! Ja a nan, baƙi a can, rawaya a tsakiya, kamar ba shi da mai shi. Haba, Mai Girma zai zo ya tsaya a gaban wannan ƙazanta?"

"Akwai wata tsaga da ta taho a karkace daga sama. Shekara ashirin da ita nake koya wa ɗalibai yadda ƙasa ke motsi."

"Mun gan ta. Mun cike ta da siminti. Kada 'yan jarida su ce gwamnati ta bar dutse yana tsagewa."

"Ɓawon katantanwa fa, waɗanda suka koma dutse, a hawa na uku?"

"Shara ce, ranki ya daɗe. An kankare, an kwashe."

Garin gyaran gira an rasa ido. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, aikin ya yi kyau. Ni na san aikin hannu in na gan shi. Shafi biyu suka yi masa, babu inda burushi ya yi tsalle. Da ɗakin amarya ne da sun ci kyauta. Ina tsaye ina yaba musu a zuci gwiwoyina suka tuna mini da kansu, na nemi abin jingina. Sauran kun ji shi a bakin Uwar Yara.

Dakta ta yi ta maza, ta tara ɗalibai masu ƙafa lafiya ta ce su sulale su zaga bayan dutsen. Ta san halin mutanenmu: gefen da ke kallon hanya kawai ake yi wa kwalliya. Sai dai bayan nan tafiyar awa guda ce cikin kwazazzabai da ƙaya. Suka tafi a guje. Aka bar Auta da Maijego, wato su biyun da aka ce dominsu aka yi taron.

Auta ta zaro 'yar gudumarta, ta ce bari ta ɓantare farin ta ga abin da ke ƙarƙashi. Kafin ta ɗaga hannu wani mai gadi ya faɗo kamar shaho.

"Kai, kai, 'yan mata! Ba a fasa kayan gwamnati!"

"Baba, dutse ne fa."

"Dā dutse ne. Yanzu an kashe masa kuɗin fenti."

Mai Fayil ya gangaro da wani sabon keken guragu, ledarsa ma ba a cire ba, ya ce ta zauna.

"Ni da sanduna nake tafiya," ta ce.

"Na sani, ƙanwata, amma sanduna ba sa fitowa da kyau a hoto. Ki kula da ledar, za a mayar da shi in an tashi."

Suka kifa mata hular kwano, suka tura ta sahun gaba a ƙarƙashin rumfa, suka zaunar da Maijego kusa da ita, aka ce ta juyo da jaririn yadda zai kalli kyamara. Hanyar mota da suka roƙa an yi ta, sumul, har da jan kafet, ta tashi daga inda Mai Girma zai sauka ta ƙare a inda zai zauna. Labulen mata kuwa an wuce nan: bayan gida aka gina na bulo, mai tayil, mai ƙofar ƙarfe, an garƙame shi da kwaɗo, mabuɗi yana aljihun mai riƙe wa Mai Girma waya. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Mai Girma ya iso bayan azahar, da motoci goma sha ɗaya, ban ga wadda ta ɗauko kujerar ninkewa ba. 'Yan badujala suka busa. Mutum bakwai suka yi jawabin gabatar da mai gabatar da shi. Da ya miƙe ya ce daga yau dutse ya daina nuna bambanci, aka yi tafi. Ya ce a zamaninsa babu ɗalibin da za a bari a baya, aka yi tafi. Aka ɗaura wa dutsen jan ƙyalle, ya yanke da almakashi, ya ce ya buɗe shi. Ni da na zaci tun zamanin Annabi Adamu a buɗe yake, na yi tafi tare da jama'a don kada a ce ni ɗan adawa ne. Sannan ya buɗe shafi na biyu cikin goma sha tara.

Na sunkuya kusa da Auta. Ba ta kallon Mai Girma, inuwar rumfa take kallo.

"Baba," ta ce a hankali, "in inuwar nan ta taɓa waccan baƙar motar, shi ke nan, shekara huɗu ta tafi."

Ba ta yi kuka ba. Ta cije leɓe irin na uwarta, wanda in na gan shi a gida nakan tuna ina da aiki a waje.

Na rasa abin yi, na ce bari in nemi ruwa in ɗan goge rigata, ko hannuna ya samu sana'a. A bayan motoci na tarar da leburorin da suka yi shafin, suna kwance a ƙarƙashin itace, an hana su matsowa don kayansu sun yi datti. Na yi musu sallama, na tambayi babbansu abin da duk mai irin sana'ata zai tambaya.

"Ɗan'uwa, ruwan da kuka kwaɓa wannan uban farar ƙasa, a ina kuka ɗebo shi?"

Ya nuna min da leɓe. "Ga rijiya can bayan itatuwa. Tsohuwa ce, ta manoma."

Taku ɗari biyu ne. Rijiya ce mai faɗin baki, irin ta mutanen dā, an jera mata duwatsu a wuya, cikinta kuwa tsirara, siminti bai taɓa ganinsa ba. Leburori sun kwashe ruwan har ya koma can ƙasa. Na kira Mai Faci na ce ya ciro min madubin gefen motarsa, ya ce ai da waya aka ɗaure shi, ba wuya. Na tari rana da madubin na jefa ta ciki, yadda muke yi in za mu duba lafiyar rijiya. Sai ga su. Ja a kan baƙi, baƙi a kan rawaya, a jere, babu wanda ya yi musu kwalliya.

Na aika aka raɗa wa Dakta. Ta zo ta kwanta rub da ciki a bakin rijiya, hularta ta kusa faɗawa. Ta daɗe tana leƙe.

"Baba, dutsen ne," ta ce. "Shi ne ya sunkuya ya shige ƙasa. Hawa-hawan nan duk su ne."

"To, dokarku me ta ce?"

"Ta ce ɗalibi ya auna da hannunsa, a inda Allah ya ajiye dutsen." Ta tashi tana kakkaɓe riga. "Ba ta ce a hau ba, ba ta ce a sauka ba."

Mai Faci ya lallaɓa da akori-kura ta bayan rumfa, Auta ta sauka daga keken hoto ta ɗauki sandunanta, Maijego ta biyo ta, cikin minti uku suna bakin rijiya. Ƙaramar motar da kwamiti uku suka yi wata takwas suna nazarinta ke nan.

Na ce wa Auta, "Kin ga dai abin da ke nan. Ban ce ki shiga ba."

"Baba, tun ina shekara nawa nake roƙonka ka saukar da ni rijiya?"

"Uwarki za ta kashe ni."

"Sai in ka faɗa mata."

Uwar Yara ba ta karanta jarida. Duk wanda ya karanta mata wannan shafi, ni da shi sai a gaban Allah.

Aikin rijiya ba a yi masa gaggawa, ko da rana na gudu. Leburori suka kawo sandunan ƙarfe da katakon da suka taka suka yi shafi, muka gicciya su a bakin rijiya, na bi kowane ɗauri da hannuna. Mai Faci ya fito da igiyar da ake jan motarsa da ita, igiyar da ta fi injin motar yin aiki, da wata ta biyu ta ɗaure kaya. Ya ba da tsohuwar taya ta zama wurin zama. Na sa tsumma da ɗan mai a gwangwani, na kunna, na zura shi har ƙasa, don rijiyar da ta kashe wuta za ta kashe mutum. Wuta ta je ta dawo da ranta.

"Saura gwajin igiya," na ce, na dubi Mai Faci.

"Me kake kallona?"

"Kai ne mafi nauyi a nan."

"Maƙwabci, ni direba na zo!"

"In ta ɗauke ka, za ta ɗauki giwa. Shiga."

Ya shiga yana ambaton sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, yana barin wasiyya a kan wanda zai gaji famfon ba taya iska. Ya je ya dawo lafiya, sai dai ya ce in an koma gida maƙwabtaka ta ƙare.

Sannan Auta. Na ɗaura mata igiya ta biyu a ƙirji da ƙullin da ubana ya koya min, wanda bai taɓa kwancewa ba sai an so. Hular kwanon da aka ba ta don hoto ta samu aikin yi. Littafi a rataye a wuya, guduma a ƙugu, tef ɗin awo a haƙori. Ta miƙa wa Maijego sandunanta kamar mai ba da ajiyar takalmi. Lebura takwas suka kama igiya, ni a gaba.

Jama'a, na saukar da maza sun fi ɗari a rayuwata, ni ma an saukar da ni ba adadi, hannuna bai taɓa rawa ba. Jiya ya yi. Babban leburori ya lura, ya matso ya ɗora hannunsa a bayan nawa.

"Sassauta!" in ji murya daga ciki. Muka sassauta. "Tsaya!" Muka tsaya. Sai ƙwas, ƙwas, ƙarar guduma. A cikin rijiya babu mai tambayarka kilomita nawa kake iya takawa. Kowa a zaune yake sauka, kowa da hannu yake aiki, kuma a wannan fage ban ga wanda zai kama ƙafar Auta ba.

Kun san mutanenmu da son kallo. Mai busa ƙaho ne ya fara zuwa, ya ga abin da ake yi, ya ajiye ƙaho ya kama igiya. Masu raba lemo suka biyo. Sai iyaye, sai direbobi, sai mai gadin da ya hana fasa dutse. Da masu kyamara suka ga jama'a ta koma bayan itatuwa, su ma suka naɗe wayoyinsu. Aka bar Mai Girma a shafi na goma sha ɗaya yana yi wa kujeru albishir.

Mai Fayil ya iso yana haki. "Wa ya ba da izinin wannan? Ba ya cikin jadawali!" Ya waiga ya ga kyamarori sun kewaye rijiya, ya waiga ya ga Mai Girma na tahowa da tawagarsa, sai ya gyara kwat. "Ranka ya daɗe, ga kashi na biyu na shirin. Mun ɓoye shi ne don ya zama abin mamaki."

Mai Girma ya ce lallai shi ma sai ya sa hannu. Igiyar kuwa mun riga mun naɗe ta a gindin itace, sai wutsiyarta da ke yashe a ƙasa, ba ta ɗauke da komai. Ita aka kakkaɓe aka miƙa masa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya turje, ya ɓata fuska kamar mai jan jirgin ruwa, aka ɗauki hoto ta gaba, aka ɗauka ta gefe. Allah ya saka masa, ko kaɗan bai saki ba.

Da ya gama ya matso bakin rijiya, ya sunkuya da duk faɗinsa, daidai inda Mai Faci ke jefa haske da madubi.

"'Yata! Yaya kike jin daɗin shirinmu?"

"Wane ne nan? A matsa, an tare min haske!"

Rijiya kuma ta maimaita, kamar yadda rijiya ke yi: haske, haske. Mai riƙe waya ya dubi Mai Fayil, Mai Fayil ya dubi fayil. Mai Girma ya matsa. Wani direba da ya yi shekara tara yana tuƙa shi ya raɗa min cewa yau ne karo na farko da ya ga an ce masa ya yi abu ya yi a ranar.

Daga gefe ya sake leƙawa, ya hango Auta ta ɓantaro ɗan dutse ta kai baki ta lasa. Mu masu rijiya haka muke gane yumɓu daga yashi mai laushi, ashe su ma a jami'a haka ake koya musu, sai dai su da turanci suke lasa. Mai Girma ya juya a fusace.

"Ba a ba ɗaliban nan abin taɓawa ba ne? Yarinya tana cin dutse a gabana!"

Nan take aka ba da umarni a zura mata lemo da biskit a guga. Ta karɓa, ta juye su a cinya, ta cika gugan da duwatsu ta ce a ja.

Ta fi rabin awa a ciki. Da muka jawo ta, ta fito jajir da laka har gira, tana dariya, a tafin hannunta ga ɓawon katantanwa da ya koma dutse, ƙwaya ɗaya, wanda tsintsiyar kwamiti ba ta kai gare shi ba. Maijego ta kwance goyo ta miƙo min, ta zauna a tayar, muka zura ta. Na tsaya da jariri a kafaɗa ina ba da umarni da ƙafa. Bayan ta fito Dakta ta ce ita ba ta sa hannu a kan abin da idonta bai gani ba, ta cire hula ta ba mai gadi ya riƙe, ita ma muka zura ta.

Da ta fito, rana saura kamu ɗaya ta taɓa kan itatuwa. Ta shimfiɗa littafin Auta a kan bonet ɗin akori-kura, ta bi zanen da yatsa hawa-hawa, ta yi tambaya biyu, Auta ta amsa uku. Ta zaro biro, biro ya ƙi. Na rantse mutum sittin suka laluba aljihu lokaci guda. Da biron mai busa ƙaho aka sa hannun.

Auta ta juyo min da shafin. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san sa hannu in na gan shi. Na ce, don kada a ga idona, "Rijiyar nan gaba takwas ce, tun daga sama na ƙiyasta."

"Bakwai da rabi, Baba. Na auna."

Shekara arba'in babu wanda ya taɓa gyara min zurfin rijiya. Na ce to, Allah ya yi albarka, na juya ina neman abin da ban yar ba.

Muna naɗe igiya Mai Fayil ya biyo ni da biro a hannu.

"Baba, don rahoto. Wannan na'urar da kuka yi amfani da ita, mene ne sunanta?"

"Igiya."

"A'a, sunanta na aiki."

"Igiya, ɗana. Waccan kuma taya."

Ya girgiza kai, ya ce ba za a iya rubuta haka a takardar gwamnati ba, sai an yi bincike. Yau da safe Mai Faci, wanda ya fasa yanke maƙwabtaka don yana son aron tsani, ya ce ya ji a bakin direbobi wai an riga an zaɓi mutum goma sha biyu da za su tafi ƙasar waje, mako uku, su koyo yadda ake riƙe igiya a zamanance.

Ni ban ƙi ba, neman ilimi ai ba ya tsufa. Allah ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya. Roƙona ɗaya ne: in sun dawo za su gwada abin da suka koyo, su fara zura ɗaya daga cikinsu.